Kwandon Gwaggo

Kekuna goma sha biyu ne a ɗakin ɗinkin, layi biyu, shida suna fuskantar shida. A ƙarshen wata ɗaya zai tsaya. Abin da Kawu ya fara gaya mini ke nan ranar da na kama aiki a kamfaninsa, tun kafin ya nuna mini teburina.

Kamfanin yana ɗinka kayan makaranta da rigunan ma'aikatan asibiti. Wata babbar makaranta ta janye odarta, aikin da ya rage bai kai na mutum goma sha biyu ba. Kawu yayan mahaifiyata ne. Da na dawo daga karatu ya ce tun da kula da ma'aikata na karanto, ga ma'aikata nan. Ya ce in kawo masa suna ɗaya ranar Juma'ar ƙarshe ta wata. Ya ce kada matan su ji, don in suka ji aiki zai lalace tun yanzu.

Na ce masa ba zan zaɓi mutum da ka ba, ƙirga aikinsu zan yi. Ya ce in ƙirga.

Kafin zuwana ba a ƙirga wa kowa. Mace ta gama riga sai ta cilla kan wani dogon teburi da ke tsakanin layukan, da yamma mai guga ya kwashe. Ba wanda zai iya ce maka wannan rigar daga hannun wance ta fito. Na sa aka fitar da teburin. Na kawo kwandunan roba goma sha biyu, na rubuta lamba a jikin kowanne, na ajiye a gindin kowane keke. Na sa aka kafa baƙin allo a bangon da ke kusa da ƙofa, inda mai shiga da mai fita za su gani.

Ranar Litinin na tara su. Suka tsaya a bayan kekunansu, wasu da almakashi a hannu. Na ce kowace yamma zan ƙirga abin da ke cikin kwando in rubuta a allo. Wadda ta fi kowa a ƙarshen wata za a manna hotonta a bango, a ba ta filas ɗin shayi da hutun kwana biyu. Na yi ta maganar yabo da ƙarfafa gwiwa da kowa ya ga amfanin guminsa. Na iya wannan maganar, na ci jarrabawa da ita.

Wata doguwa da suke kira Rediyo, don bakinta ba ya hutawa ko da allura a leɓenta, ta ɗaga hannu kamar 'yar aji.

"Malama, ta sama mun ji nata. Ta ƙasa fa?"

"Ba abin da za a yi mata," na ce. "Allon na yabo ne."

Ta ce to madalla, amma don adalci ta ƙasa a ba ta ko murfin filas ɗin ne. Aka yi dariya, na taya su. Kafin a tashi ranar na sami suna. Mai Alli suke ce mini in na juya baya, Malama in na juyo.

Keke na ɗaya yana bakin taga, kuma na Gwaggo ne. Kowa haka yake kiranta, har Kawu. Ita ce ta fara aiki da shi tun yana da keke biyu a wani shagon haya. Siririya ce, ba ta da yawan magana, kullum da tef ɗin awo a wuyanta ko ba za ta auna komai ba. Keke na bakwai yana fuskantar nata. Mai shi gajeriya ce mai kaurin damtse, ba ta kai arba'in ba, suna kiranta Jirgi. An ce mini saboda sauri ne.

Satin farko ya ba ni mamaki kaɗan. Yawancinsu riga goma sha bakwai ne zuwa goma sha tara a yini. Gwaggo ashirin da huɗu. Jirgi tara, wata rana takwas. Duk yamma in na ɗauki alli sai su taru a bayana suna ɗaura mayafi, Rediyo tana sharhi. Ta ce Jirgi ya kafe a yashi, a kawo igiya. Ta ce Gwaggo ta rufa wa yara asiri ta rage gudu, kar keken ya kama da wuta. Jirgi takan ce wa Rediyo ta bari a ƙirga kalmomin bakinta a gani ko allon zai ɗauka. Gwaggo ba ta taɓa juyowa ta dubi allon ba. Na ɗauka kawaici ne irin na manya.

Na rubuta a littafina cewa sunan Jirgi tsohon suna ne da ya daɗe da rabuwa da aikinsa.

A sati na biyu na kira ta ofis, kamar yadda ƙa'ida ta ce a yi wa ma'aikacin da ya ja baya. Na ba ta kujera, na tambaye ta gida. Ta ce lafiya lau. Yara uku, duk suna makaranta. Maigidanta direba ne, motar da yake ja kwananta a gareji ya fi kwananta a titi. Na tambaye ta ko akwai abin da zai ƙara mata ƙwarin gwiwa a wurin aiki. Ta shafa hannun kujerar, ta ce in a ba ta wannan za ta yi tunani. Na nuna mata lambobinta. Ta duba, ta ce hannunta ne ya yi nauyi kwanan nan, kowa da ranarsa. Ta tambaya ko mun gama, don ta bar wuyan riga a ƙarƙashin allura.

Na kuma rataye musu akwatin ƙorafi a bakin banɗaki, na ce kowa ya rubuta abin da ke ransa ba sai ya sa suna ba. Da na buɗe bayan kwana goma na sami guntayen zare, maɓalli ɗaya, da takarda guda da aka rubuta a gyara fankar baya. Na sa aka gyara fankar. Na ji kamar mun fara fahimtar juna.

Ranar Talata ta satin ƙarshe makanikin kamfanin ya shigo da takarda in sa hannu a sayo bel. Dattijo ne mai baƙin mai a ƙarƙashin farce. Na duba na ga na keke na bakwai ne, kuma karo na biyu ke nan a watan. Na ce masa keken da ke ɗinka riga tara a yini ba ya cin bel biyu a wata, ko dai bel ɗin jabu ne ko wani yana kai su wani wuri. Bai ji haushi ba. Ya ce in jira a fita cin abincin rana.

Da ɗakin ya zama babu kowa ya ce in taɓa kan keken Gwaggo. Da ɗan ɗumi, kamar goshin mai lafiya. Ya ce in taɓa na bakwai. Sai da na janye hannu.

"Me ke nan?" na ce.

"Malama, ni ƙarfe na sani. Ki sa mini hannu in tafi."

Na sa masa. Da ya fita na durƙusa gaban kwandon Jirgi. Riguna huɗu ne a ciki. Na juya su ciki waje, ban san me nake nema ba. A bakin aljihun kowace akwai ɗan ɗinki mai kusurwa uku, bai fi ƙwayar shinkafa biyu ba, inda ta koma da allura don kada aljihu ya farke. Na duba kwanduna uku na kusa, babu mai yin haka. Sai na tsallaka wajen na Gwaggo. Riguna goma sha uku. Bakwai suna da wannan alamar. Huɗu hannuwa ne daban-daban. Biyu ne kawai za a ce nata ne, kuma a jikin duka biyun ana ganin ramukan allura inda aka farke karkataccen ɗinki aka sake shi.

Bayan an dawo na zauna a ofis na buɗe labulen gilashin da ke kallon ɗakin ɗinki. Sati uku ina bayan gilashin nan ina kallon allo, ban taɓa duba ƙasa ba. Jirgi ta gama riga, ta sake ta ta faɗi, ta tura ta da ƙafa ta tsallake hanyar da teburi yake a da. Ƙafar Gwaggo ta tare, ta ja ta zuwa kwando. Ba wadda ta ɗaga kai. Can zaren Gwaggo ya tsinke. Ta riƙe bakin zaren tana kai shi gefen allura, tana kai shi sama da ita. Ta keke na biyu ta miƙe kamar za ta sha ruwa, ta sunkuya a wucewa, ta zura mata, ta ci gaba da tafiya. Duk abin bai kai numfashi uku ba.

Washegari Laraba na sake kiran Jirgi. Wannan karon ban tambaye ta gida ba. Na ajiye riga biyu a kan tebur, ɗaya daga kwandonta, ɗaya daga na Gwaggo, na buɗe aljihunan. Ta dube su, ta dube ni, ta ce ashe na fara koyon ɗinki.

Na gaya mata abin da zai faru jibi. Na faɗa a taƙaice: oda ta ragu, keke ɗaya zai tsaya, kuma sunan da ke ƙasan allo shi Maigida, wato Kawu, zai ɗauka.

Ta ture rigunan gefe. Ana jin kekuna ta bango.

"Rediyo ta tambaye ki," ta ce. "A gabanmu duka."

"Ta tambaye ni."

"Kuma lokacin kin sani."

"Na sani."

Ta gyara zama. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce shekara biyu ke nan yanar ido ta fara rufe wa Gwaggo gani. Lokacin da ake cillawa kan teburi ɗaya ba ruwan kowa, ta yi biyar ɗinta, a gyara mata uku, kaya su fita a kan lokaci. Ni na zo na raba wa kowa kwando, na sa allo a bakin ƙofa. Ta ce da sun bari an rubuta biyar a gaban sunan matar da ta koya wa rabinsu riƙon almakashi, da wane ido za su dube ta. Sai suka ce kowa ya ba da ɗaya ko biyu. Ita Jirgi da take yin ashirin da biyar ba tare da ta yi gumi ba ta ce a bar mata ƙasan, don ba wanda zai yarda ita ce ragguwa, abin zai tsaya a wasa. Filas ɗin ma sun so Gwaggo ta samu, don nata ya daina riƙe zafi.

Na ce akwai sauran kwana biyu. Ta daina bayarwa, a yi ƙirge na gaskiya, in kai wa Maigida in ce na farko kuskure ne.

"Sai wa ta tafi?"

Na mayar da idona kan rigunan.

"Kin ga ke ma kin kasa faɗa, kuma ke Gwaggo ba ta taɓa goya ki ba." Ta ce mutum biyar ke ci daga keken nan na bakin taga, kuma duk garin nan ba mai ɗaukar tela da ba ta ganin ramin allura. Na ce ita ma tana da uku, da miji mai mota a gareji. Ta ce ba sai na tuna mata ba, ita ta haife su.

Na tambaye ta to me take so in yi. A nan ne ta miƙe.

"Ba ni zan zaɓar miki ba. Ke kika kawo alli. Bakina ba zai kira sunan Gwaggo ba, in naki zai iya ga Maigida can. Amma da kin gaya mana gaskiya ranar farko, da mun san yadda muka yi. Da ba ki sami ta ƙasa ba."

Ta ɗauki rigunan biyu, ta ninke, ta fita da su. Ta gilashi na ga ta jefa duka biyun a kwandon Gwaggo.

Da yamma na tarar da mahaifiyata a tsakar gida tana yanka albasa a faranti. Na ba ta labari ina tsaye, jakata a kafaɗa. Ba ta daina yanka ba. Ta ce yayanta tun da yake bai taɓa sallamar mutum da bakinsa ba. Wani mai gadi da ya so ya kora, sai da ya yi sati yana shiga ta ƙofar baya don kada su haɗu, har mutumin ya gane ya tafi da kansa. Ta ce in ina tsammani takardata ce ta burge shi to in sake tunani, baƙuntata ce ta yi masa. Na ce idon Gwaggo fa, ko ya sani? Ta ce bara ta haɗu da Gwaggo a layin asibiti, sai da ta yi magana sannan matar ta gane ta.

"Mai gadi ya sani, mai guga ya sani, ni da ba na aiki a can na sani. Ke kaɗai ce ba ki sani ba, kuma ke ce mai tabarau. Ajiye jakar nan ki miƙo mini tukunya."

Ranar Alhamis da safe na shiga wurin Kawu. Ofishinsa cike yake da samfurin yadi, har kan kujerar baƙi. Na kwashe na zauna. Na ce a rage wa kowa awa biyu a yini maimakon a sallami ɗaya. Ya ce ya taɓa gwadawa, ƙwararrun ne suka fara tafiya. Na ce a mayar da mutum ɗaya wajen ninki da shirya kaya. Ya ce mai guga yana yi, kuma yana gamawa kafin la'asar. Na ce a ƙara mini wata ɗaya. Ya ce da yana da wata ɗaya da bai tsayar da keke ba.

Na ce ban gamsu da lambobin allon ba.

Ya cire hularsa ya ɗora a gwiwa. Ya ce allo nawa ne, kwanduna nawa ne, ni na ce ba zan zaɓa da ka ba. In allon ƙarya yake yi to in faɗa, in kawo wani sunan da bakina.

Na buɗe baki. Ya ɗaga hannu.

"Sai dai ki sani, 'yar nan, duk abin da ya shiga kunnena a cikin ofis ɗin nan dole in yi aiki da shi. Ki auna kafin ki faɗa."

Ba ni yake kallo ba, wani samfurin shuɗin yadi yake murzawa tsakanin yatsunsa. Ya san ko wace ce Jirgi. Shi da kansa ya raɗa mata sunan, an gaya mini daga baya. Ya ga tara a gaban sunanta kwana ashirin yana wucewa, bai taɓa tambaya ba.

Ban faɗi sunan ba. Na sha gaya wa kaina cewa lissafi na yi: mai ido da hannu za ta sami wani wurin, marar ido ba za ta samu ba. Akwai wannan. Akwai kuma cewa in na ce allon ƙarya ne, na ce abu na farko da na gina a kamfanin nan mata goma sha biyu sun mayar da shi abin wasa da ƙafafunsu ina zaune bayan gilashi. Har yau ban san wanne ya fi nauyi ba.

Na ce masa lambobin suna nan yadda suke. Ya mayar da hularsa. Ya ce gobe yana da tafiya wajen masu kawo yadi, ba lalle ya dawo da wuri ba, in yi abin da ya kamata.

Ranar Juma'a ƙarfe huɗu na tsayar da aiki. Duk sun riga sun ji, na gane daga yadda ba wadda ta yi tsokana tun safe. Na manna hoton Gwaggo a gefen allo. Na karanta jimillarta ta wata. Na miƙa mata filas, ta kai hannu gefensa, sannan ta lalubo shi ta riƙe.

"Allah ya yi albarka, 'yata," ta ce.

Ba a tafa ba. Na jira ko za ta ƙara wani abu. Leɓenta ya motsa, ta sunkuyar da kai, ta koma ta zauna da filas ɗin a cinya. Ban ga laifinta ba, mutum biyar take ciyarwa.

Na so in ba Jirgi takardarta a ofis. Ta ce ba sai mun wahala ba, a nan aka ƙirga ta, a nan za ta karɓa. Ta karɓa, ba ta buɗe ba, ta sa a jaka. Ta ɗauki almakashinta, don nata ne, da matashin da take zama a kai. Ta tsallaka wajen keke na ɗaya ta naɗa wa Gwaggo zaren ƙasa har huɗu, ta jera mata inda hannunta zai same su. Ta ce wa ta keke na biyu aljihu ne ya fi karkace wa Gwaggo, a riƙa duba shi kafin ya kai ga mai guga. Ta bi layi tana sallama da kowa da sunanta na tsokana. Ni ta ce mini sai wata rana, Malama.

Rediyo ta tare ni a bakin allo.

"Murfin fa, Malama? Ai mun ce ta ƙasa a ba ta murfi."

Ba wadda ta yi dariya, ita ma ba ta yi ba.

Ranar Litinin makaniki ya lulluɓe keke na bakwai da tsohon yadi. Kwandon yana nan a gindinsa, ba wanda ya ɗauke. Ƙarfe huɗu da rabi, rabin awa kafin tashi, kekuna suka tsaya gaba ɗaya ba tare da kowa ya ce a tsaya ba. Na fito. Rediyo tana bin layi tana kwashe riguna daga wannan kwando tana zubawa a wancan. Ba da ƙafa ba, da hannu, a gabana. Ta ƙirga da ƙarfi. Da ta gama ta karkaɗe hannu ta ce bismilla, Malama, ga su nan.

Goma sha biyar, goma sha biyar, har sau goma sha ɗaya. Na rubuta.

Haka aka yi Talata, haka aka yi Laraba. Suna gaishe ni da safe, in amsa. In na shiga ɗakin hira takan mutu, in na fita ta tashi. Akwatin ƙorafi ko zare ya daina samu. Kaya suka fara makara. Asibiti ta dawo da riguna talatin saboda aljihu yana farkewa, matan suka ɓata yini guda suna gyara. Gwaggo ba ta ɗauki hutun kwana biyunta ba, filas ɗin kuma ban sake ganin sa ba. Makaniki ya ce mini, ba tare da na tambaya ba, Jirgi ta zaga shaguna huɗu, ɗaya ya ce ta dawo bayan wata biyu, sauran sun ce ba aiki.

A sati na uku Kawu ya kira ni. Ya ce asibiti ta yi gargaɗi, in ta rage oda to ƙarshen wata wani keken zai tsaya, in shirya suna. Na ce wannan karon zan gaya musu. Ya ce in yi yadda na ga dama, allo nawa ne.

Na gaya musu a ranar, a tsaye a inda na tsaya karo na farko, cikin jimla uku. Ba wadda ta ɗaga hannu. Rediyo ta ce sun gode da sanarwa, ta koma kan kekenta.

Da yamma da ta zo rabo lissafin bai tashi daidai ba. Kowa ya sami goma sha huɗu, riga ɗaya ta rage a hannunta. Ta tsaya a tsakiyar hanya tana juya ta. In ta ba wata, an sami ta sama. Ta dubi layin dama, ta dubi na hagu. Sai ta taka zuwa keken da aka lulluɓe, ta saki rigar a cikin kwando na bakwai.

Na bi kwanduna ɗaya bayan ɗaya kamar kullum. Da na zo na bakwai na ɗaga rigar, na ƙirga ta. Lambar tana nan a allo, ban taɓa goge ta ba. Na rubuta ɗaya a gabanta.

Daga ranar ko lissafi ya tashi daidai sai sun ware ɗaya sun kai can.

Juma'ar ƙarshe Kawu bai yi tafiya ba, ko kuma ya makara wajen fita. Na same shi tsaye gaban allo, hannuwansa a baya. Kekuna suna aiki, amma ba wadda take kallon allurarta. Ya bi lambobin da ido daga sama har ƙasa, ya sake bi.

"Wannan kuma fa?"

"Abin da na ƙirga ke nan, Kawu."

"Wace ce ta ƙasa?"

Na nuna masa da allin da ke hannuna. Lamba bakwai.

Ya daɗe yana kallon wurin. Ya juya ya dubi keken da aka lulluɓe, sannan na bakin taga, inda Gwaggo take riƙe da bakin zare tana neman allura. Ta keke na biyu ba ta tashi ba, don yana tsaye.

Ya ce mini odar asibiti ta ragu, kuma har yanzu suna ɗaya yake bukata. Na ce na ba shi wanda allo ya bayar. In yana son wani, ga su nan su goma sha ɗaya, ya san su duka, ya kira da bakinsa.

Ya sa hannu a aljihu ya fito da makullin mota. Ya ce za mu yi magana ranar Litinin. Ya bi ta ƙofar baya.

Ta keke na biyu ta miƙe kamar za ta sha ruwa.